Hanci ma yana da nasa aikin a VR

Na karanta labarinku kan ƙara ƙamshi a gilashin VR, wato gilashin da ake sawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin wurin da kwamfuta ke nuna masa, kuma abin ya taɓa ni sosai. Na taɓa sa gilashin a wani shagon wasanni a nan Jos, aka nuna min daji ana tsuga ruwa. Ido ya gani, kunne ya ji, amma hancina hayaƙin janareta yake shaƙa. Nan take na san a shago nake.

Saƙon wari yana isa kusan kai tsaye ga ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani da motsin rai. Shi ya sa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ke mayar da ni tsakar gidan kakata a Gangare ba shiri.

Tun 1962 wani Ba'amurke mai shirya fim, Morton Heilig, ya yi wa Sensorama rajistar mallakar ƙirƙira, na'urar da ke fesa ƙamshi tare da hoto. Wahalar ita ce allo launi uku kacal yake haɗawa, hanci kuwa yana da masu karɓar wari wajen iri 400. Ga shi wari ba ya gushewa da zarar hoto ya sauya.

Ƙanwata na fama da asma, don Allah masu ƙera abin nan su tabbatar turarensu ba zai tayar wa irinta da ciwo ba.