Maki Biyar da Ba Wanda Ya Shaida

Bindigar ma ba tawa ba ce. Ƙanen matata ne, direban babbar mota mai jigila tsakanin Kano da Agadas, ya ranci jika goma sha biyar a hannuna bara, ya bar mini ita jingina tare da wani ɗan gwangwanin harsashi mai kama da na man shafawa. Har yau bai kawo kuɗin ba, ni ma na daina tuna masa, don kada ya tambaye ni abin da na yi da kayansa.

Bindigar iska ce, irin wadda ake karya bakinta a tsakiya, a danna har a ji ƙwas, a cusa ɗan harsashin darma guda, a mayar. Ba albarushi, ba wuta. Wani sifirin ne a ciki yake ingiza iska, iskar ta turo harsashin. Shi kuwa harsashin, kaurinsa milimita 4.5, da ɗan tsukakken ƙugu a tsakiya, sak kalangun da aka ƙera wa tururuwa. Wata shida tana bayan ƙofar ɗakina ban ko kalle ta ba, sai da zafin Afrilu ya hana ni barci, na kwanta a tsakar gida ina latsa waya.

Ni malamin lakwal ne, Mushe ake kirana kamar sauran malamai, lissafi nake koyarwa, kuma cutar malamai ke nan: in muka karanta abu sau biyu sai mu ɗauka mun iya shi. A daren nan na gano ashe harbi da bindigar iska wasa ne da ake ba mutum lambar zinariya a kansa. Tun 1984, a gasar Olamfik ta Los Anjalas, aka shigar da shi. Mutum zai tsaya a nisan mita 10, cikin wata riga mai tauri kamar lifidin dawakin Sarkin Damagaram ranar hawan salla, ya auna ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne. Ƙwayar gero ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Wannan na bar wa masu idon shaho. Akwai kuma wadda abin harbin ke gudu, ya ratsa tagar mita 2 cikin daƙiƙa 5, ko 2 da rabi in an so a wahalar da kai, ita kuwa an cire ta daga Olamfik bayan gasar Atina ta 2004. Wata kuwa sai ka yi gudun mita 400, ka tsaya kana haki ka yi harbi, ka sake kwasa da gudu. Gwiwata ce ta amsa wannan kafin bakina.

Wadda ta fara shiga raina ita ce ta Ingila, da suka soma a farkon shekarun 1980. Ana kafa ɓera ko zomo ko hankaka na ƙarfe a cikin daji, da rami a ƙirjinsa. In harsashinka ya shiga ramin sai dabbar ta kife, a ja igiya ta miƙe. Ba mai gaya maka nisan, kai za ka ƙiyasta, wani har mita 50. Na tashi da tocila na auna gidana da taku. Daga zaure zuwa katangar baya, taku goma sha huɗu, har da makewayi.

Can wajen ƙarfe biyu na dare na ci karo da abin da ya jawo mini duk wannan. Gasar ƙararrawa. Leburorin masana'antu na birnin Birmingam na Ingila da kewayensa ne suka ƙirƙiro ta tun wajen ƙarshen shekarun 1890, suna yi a gidajen shan giya bayan an tashi daga aiki. Faifan ƙarfe ne, da rami a tsakiya wanda bai cika santimita guda ba, milimita 9 da rabi, bayansa an sa ƙararrawa. Ka tsaya a nisan yadi 6, wato mita 5 da rabi. In harsashi ya bi ta ramin, ƙararrawa ta kaɗa, ka ci maki 5. In ya kauce, to faifan an shafe shi da farin fenti marar bushewa, tabon zai nuna ko 4 ka samu, ko 3, ko 2, sai a sake shafewa wa na gaba. Na ce to ai shi ke nan. Mita biyar da rabi ina da su, giya kuwa shayin fadarmu ya wadatar. Kafin kiran assalatu na riga na naɗa kaina shugaban ƙungiyar masu harbin ƙararrawa ta jihar Damagaram, na fara tunanin wa zan ba ma'aji.

Da safe na shaida wa uwargida. Tana tsugune tana karkata bido na ƙarshe a kan buta, ta ce, “Malam, yau kwana uku famfo bai kawo ba. In akwai gasar nemo ruwa, ita za ka shiga.” Na ce mata mace ba ta san wasanni ba. Ta ce haka ne.

Mai waldan da na je wa, can gefen Kasuwar Dole, tsohon ɗalibina ne wanda lissafi ya kora daga lakwal. Na zana masa faifan a takarda da kamfas, na rubuta awon ramin. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, “Mushe, wannan ai ramin ƙusa ne. Wa zai samu wannan?” Na ce Turawa suna samu. Ya ce, “Su ai ba ƙura a idonsu.” Da na koma karɓa, ramin ya kai faɗin ƙarfen dala ashirin, kusan ninki uku na abin da na rubuta. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai wata zuciya ta ce mini yi shiru, yaron nan gata ya yi maka.

Ƙararrawar ce ya zuba wa basira. Ya ce ta keke ba ta dace da darajata ba. Ya yanko gindin tsohuwar tukunyar gas ya rataya a bayan faifan, ya haɗa wani ɗan harshe irin na tarkon ɓera, da sifirin na jikin babur, da ƙaton noti a matsayin guduma. Harsashi na taɓa harshen, noti zai sauka a kan tukunya. Bai gwada a gabana ba, wai maƙwabtansa sun yi masa kashedi. Ya dai ce, “Mushe, ranar da ta kaɗa, daga Zango sai an ji a Birni.” Na yi dariya, na ƙara masa dala ɗari ta shan ruwa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka buɗe gasa. Mu biyar ne ƴan fada: ni, da tela, da mai kabu-kabu, da wani ma'aikacin likita, da mai dafa mana shayi wanda ya ce shi alƙali zai yi don yana da iyali. Fenti marar bushewa ban san inda ake sayar da shi ba, sai na daka allin lakwal na kwaɓa da man gyaɗa. Ya yi fari tas, ya kuma ƙi bushewa yadda ake so. Abin da ƴan Birmingam ba su faɗa ba shi ne ƙuda. Kafin in gama karanta dokoki, faifan ya yi baƙi da su, har alƙali ya ba mai kabu-kabu maki 4 tun bai ɗauki bindiga ba. Muna korar ƙuda, akuyar gida ta zagayo ta lashe layin maki 2 da na 3.

Tela ya samu 3 sau biyu, ya hau cika baki wai ido ne na zura zare a allura. Ma'aikacin likita ya samu faifan sau ɗaya, katanga sau biyar. Da layi ya zo kaina, na gyara tsayuwa yadda na gani a bidiyo, na ƙanƙame bindigar kamar ɗan kokowa ya samu ƙafar abokin karawa. Harbi shida na yi. Faifan nan ko gezau, fari fat kamar ba a taɓa haihuwata ba. Ɗaya daga cikin harsasan ma mun same shi washegari a jikin murfin randa, wadda ke can gefe, wajen da ko kallo ban yi ba.

Sai na ce laifin bindiga ne, ta daɗe a ajiye, ƙarfinta ya ragu. Na karya ta, na ɗiga sauran man gyaɗan nan a ɗan ramin da iska ke fitowa, ɗigo biyar masu kyau, na sa harsashi, na ja kunama.

Ƙarar da ta tashi, tantabarun unguwa sai da suka yi kwana biyu ba su dawo ba. Hayaƙi ya turnuƙe daga bakin bindigar, gida ya ɗauki ƙamshin ƙosai. Mai kabu-kabu ya tsallake katanga ya bar takalmansa, alƙali ya kifar da shayi na biyu, wanda shi ne mai daɗin. Ni da nake koyar da yara, sai daga baya na tuna: iskar da aka matse da ƙarfi zafi take yi, in ta tarar da mai sai ya kama da wuta. Haka injin gazuwal ke aiki. Injin mota na tayar a kafaɗata ban sani ba.

Kafin magariba ɗan aiken mai unguwa ya yi sallama. A zamanin nan ba a wasa da ƙarar bindiga, kowa ya san dalili. Na je na durƙusa, na ce ranka ya daɗe wasa ne na Turawa. Ya ce to Turawan su zo su yi a gidansu, ba taro, ba harbi da rana yara na yawo. Ban ce komai ba, amma malamin lissafi ya lura ba a ambaci dare ba.

Na goge bindigar tas, na koma karatu. Ashe irin wannan mai sifirin, tana zabura baya da gaba tun harsashi bai bar bakinta ba. In ka matse ta, kowane harbi da inda za ta watsa shi. Sai dai ka ɗora ta a tafin hannu sakwa-sakwa, kamar an miƙa maka jaririn da ba naka ba, ka bar ta ta yi rawarta. Kullum ƙarfe huɗu na dare sai in sulale, in jingina tocila a kan turmi tana haska faifan, in yi harbi goma, in shafe tabo, in koma shimfiɗa. Dare na uku na fara jin ƙwal a jikin ƙarfe. Dare na shida na samu 4. A lokacin famfo ya yi kwanaki bai ce uffan ba, ƴan ga-ruwa sun zama sarakai, sai ka gaishe su da ladabi kafin su dube ka.

A unguwarmu, in ruwa ya zo, mai kula da famfon bakin titi wani tsohon ƙarfen taya yake bugawa. Galibi kuma da tsakar dare yake zuwa. Na san da wannan sarai, shekara goma sha ɗaya ina zaune a nan.

Dare na tara, harbi na huɗu. Na saki numfashi, na taɓa kunama a hankali. Ban ji ƙwal ba. Abin da na ji shi ne ƙauuu, sannan notin ya yi tsalle ya sake sauka, ƙau, ƙau. Yaron nan bai yi ƙarya ba, na tabbata an ji a Birni. Na tsaya da bindiga a hannu, hawaye na neman zubo mini. Maki biyar!

Sai na ji sakata. Ta farko a cikin gidana. Uwargida ta fito a guje, bido biyu a hannu, zane a baibai, ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, tana kiran yara su taso da bokitai. Daga nan unguwa ta ɗauka: ƙofofi, kururuwa, ƙarar bido na karo da juna, amalanke, har da jaki. Wata tsohuwa da aka ce ƙafa ta hana ta zuwa biki tun bara, an ce ita ce ta uku a layi. Suka tarar da mai famfo yana minshari a kan tabarma. Ya rantse bai buga komai ba, aka murɗa famfo ya yi tsaki irin na wanda aka tasa daga barci. Wani yaro, Allah ya shirye shi, ya ce shi daga gidan Mushe ya ji.

Ban taɓa sanin unguwarmu na da jama'a haka ba sai da na gan su a ƙofar zaurena, kowa da bido wayam. Na fara bayani tun daga tushe, na ce a Birmingam ne aka soma. Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta ce, “Birnin wa? Ɗan nan, a birnin nan da ruwa ko babu?” Uwargida tana tsaye cikin taron, a ɓangarensu, ba ta ce kanzil ba. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Hukuncin mai unguwa bai ɗauki lokaci ba. Duk gidan da aka taso, in saya masa bido guda daga ƴan ga-ruwa. Jika bakwai suka tafi a safiyar nan, ga goma sha biyar na can hannun suruki. Amma ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Da rana ƴan fada suka zo jaje, na jawo su gaban faifan in nuna musu hujja. Fari tas, ko ƙwarzane babu a bakin ramin. A wasu ƙungiyoyin Ingila, irin wannan harbi da ya wuce bai taɓa fenti ba har ɗan ƙari ake ba shi, maki 5.1. Tela ya duƙa ya leƙa, ya miƙe ya ce, “Mushe, mu ba yara ba ne. Ƙusa ka zura.” Alƙali ya ce tun da ba tabo, ba shaida, shi sifiri zai rubuta.

Faifan yana nan, an ɗora shi a kan randa. Ƙararrawar kuwa mai unguwa ya ƙwace ya ba mai famfo, wai ta fi tasa amo. Da taɓarya yake dukanta. Shekaranjiya wajen ƙarfe uku na dare ta kaɗa, uwargida ta taɓa ƙafata ta ce, “Malam, tashi, ka sake cin gasa. Ga bido nan bakin ƙofa, ka ɗauki manyan.”