Fuskar da ke bayan rigarka, ka san ta wane ne?

Jiya na je karɓar ɗinki wajen telana, sai na tarar da wani matashi ya miƙa masa waya yana cewa, "Maigida, irin wannan nake so." Hoton jaket ne, an harhaɗa ta da guntayen yadi kala-kala, a baya kuma an yi surfanin wata fuska fara fat, da siraran baƙaƙen layuka a gefen ido. Ta yi kyau ƙwarai. Sai dai fuskar Cao Cao ce, wani shugaban yaƙi na tsohuwar ƙasar Sin, kuma duk Basinen da ya tashi yana kallon wasan kwaikwayon waƙa na Beijing ya san farar fuska ta mai makirci ce, wanda ba a ba shi amana.

Ni ina goyon bayan masu tsara tufafin zamani su ɗauko waɗannan zane-zane. Abin da aka kulle a gidan tarihi mutuwa yake yi a hankali. Damuwata ita ce a ɗauka da ka, kamar furen jikin atamfa.

Wasan nan ya kafu ne tun 1790, lokacin da ƙungiyoyin 'yan wasa na lardin Anhui suka shiga Beijing bikin cikar sarki Qianlong shekara 80, kuma a 2010 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Abin da jama'a ke ɗauka abin rufe fuska ne, a wannan wasa fenti ne, ɗan wasa ke zama gaban madubi ya zana wa kansa. Na siliki da ake ɗaurawa, a wasan Sichuan aka fi saninsu, inda ake sauya fuska kafin ƙiftawar ido. Kowane launi magana ce. Ja na jarumi mai riƙon amana ne irin Guan Yu. Baƙi na mai gaskiya da ba ya tsoron kowa, irin alƙali Bao Zheng. Ɗan kallo na karanta halin mutum tun bai buɗe baki ba.

Facin ma haka, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya. Akwai rigar da Sinawa ke kira baijiayi, wato rigar gidaje ɗari. Uwa ko kaka ce ke bin maƙwabta gida-gida tana roƙon ƙyalle, ta zauna ta haɗa su ta ɗinka wa jariri, da fatan albarkar gidajen nan duka ta bi shi. Ka duba fa, kowane guntu akwai hannun da ya bayar da shi. A zamanin daular Ming mata sun yi yayin shuitianyi, wadda guntayenta ke jere kamar fadamun shinkafa. A dandamalin wasan kuwa akwai baƙar riga mai faci kala-kala ta talakan ɗalibi, amma sunanta fuguiyi, rigar arziki da ɗaukaka, don mai sanye da ita zai ɗaukaka kafin labarin ya ƙare. Idan inji ya buga hoton faci a kan yadi guda, babu allura babu zare, duk wannan ya tafi, launi kawai ya rage.

Su ma Sinawa ba sa wasa da kayansu. A 2022 kamfanin Dior ya fitar da wani siket mai kama da mamianqun nasu na gargajiya ba tare da ambaton asalinsa ba, har ɗalibai Sinawa suka yi zanga-zanga a gaban shagonsa a Paris. Ban ga laifinsu ba. Mu ma da za a kwashe aska takwas daga wuyan babbar riga a ce sabuwar ƙirƙira ce, ba za mu yi shiru ba.

Na gaya wa matashin nan labarin fuskar. Ya yi jim, sannan ya ce, "To Yaya, wacce ce ta mai amana?" Muka lalubo hoton Guan Yu, jawur, da dogon gemu. Tela ya janyo buhun guntayen da ke ƙarƙashin kekensa, ya zazzage a tabarma, ya ce jan zare yana da shi, amma haɗa facin da hannu zai ci sati biyu. Yaron ya ce zai jira.