Balewan da ake kira a dandalin kamfe

Da zarar kakar zaɓe ta kunno kai a Bauchi, sunan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa zai dawo bakin kowane ɗan takara. A ce mutumin kirki ne, ya riƙe kujerar firayim minista tun 1957 har sojoji suka kashe shi a watan Janairun 1966, bai bar wa iyalinsa wata dukiya ba. Jama'a su yi kabbara, a watse.

Duk wannan gaskiya ne. Ni ma in na shiga hubbarensa da ke cikin gari, na bi ta duhun nan har na fito sarari inda kabarin yake, jikina sanyi yake yi. Amma yana damuna ƙwarai yadda aka mayar da shi mutumin da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, alhali ba haka aka yi ba.

Malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi. A farkon shekarun 1940 garin nan ya zama fagen muhawara, inda shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke zama ana tattauna yadda ake mulkin talaka. Daga baya hanya ta rabu, shi ya tsaya a jam'iyyar NPC ta masu sarauta, su kuma suka nufi jam'iyyar NEPU ta talakawa. A 1950 ya miƙe a Majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e, wato mulkin sarakuna da daga baya ƙananan hukumomi suka maye gurbinsa, garambawul, a lokacin da faɗin haka a gaban manya sai mai ƙarfin hali. Wannan ɓangaren ne ba a so a tuna, domin yabon mamaci ba ya cin kuɗi, koyi da shi ne mai wuya. Yaranmu sun san fuskarsa a jikin naira biyar, sun san jami'a da filin wasa masu sunansa, amma kaɗan ne suka taɓa jin labarin ƙudurin nan.

Kuma maganar ba ta tsufa ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Bauchi na da ƙananan hukumomi 20. Duk ɗan takarar da ya zo mana da sunan Ɓalewa, ina so mu tsayar da shi mu tambaye shi ina ya tsaya a kan wannan hukunci, kuma wa zai riƙe kuɗin Ningi da Misau da Dass.