Tafkin Tsibirin Vágar Ba a Sararin Sama Yake Ba

Akwai wani hoto da ke yawo a intanet na tafkin Sørvágsvatn, a tsibirin Vágar, ɗaya daga cikin tsibiran Faro da ke ƙarƙashin masarautar Denmak. Duk wanda ya gan shi zai rantse ruwan yana can ƙololuwar dutse, ɗaruruwan mita sama da teku. Ba haka ba ne. Tafkin bai fi mita 30 zuwa 40 sama da teku ba, kuma ruwansa yana gangarowa cikin tekun Atlantika ta wani magangarin ruwa mai suna Bøsdalafossur.

Inda mai hoto ya tsaya ne ke yaudarar ido. Kusa da tafkin akwai dutsen Trælanípa mai tsayin mita 142, wanda ya miƙe tsaye daga cikin teku. Idan aka ɗauki hoton daga wani gefe, sai dutsen da tafkin su haɗe a ido.

Ni a ganina, dutsen ya fi hoton ban mamaki. Aman wuta ne ya daskare hawa-hawa, sama da shekaru miliyan 50 da suka wuce, tsuntsayen teku kuma na sheƙa a tsagoginsa. Mutanen Nos na arewacin Turai, waɗanda ake kira Viking, sun zauna a tsibiran Faro tun ƙarni na 9, kuma daga harshensu yaren Faro na yau ya samo asali.