Inda rana ke makara, safiya sai an gina ta da hannu

A Landan, ƙarshen watan Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi. Yinin gaba ɗaya bai cika awa takwas ba. A watan Yuni kuwa, biyar saura gari ya waye tangaran, rana ba ta faɗuwa sai tara ta gota. Can arewacin Norway, a garin Tromso, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba a ganin ƙwayar rana ko sau ɗaya. Wanda ya taso kusa da tsakiyar duniya, inda dare da yini suke kusan kunnen doki duk shekara, bai taɓa ɗaukar fitowar rana a matsayin wani abu da za a yi masa shiri ba. Mu da muke zaune a ƙasashen sanyi mun san cewa safiya tana iya kuɓuce wa mutum, ya tashi jiki a mace, ya kwanta ido a bushe, ya rasa dalili.

Ra'ayina shi ne, cikin duk jerin abubuwan da ake ta yayatawa cewa a yi da safe, guda biyu ne ginshiƙi: tsayayyen lokacin tashi, da haske mai ƙarfi a ido da wuri. Sauran duk ƙari ne. Kuma bambancin mazaunin ƙasar zafi da na ƙasar sanyi a nan yake. Ɗaya rana ce take yi masa aikin kyauta, ɗayan kuwa sai ya nema da gangan.

A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta kimanin 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Shi yake tsara lokacin da zafin jiki zai sauka, da lokacin da za a saki sinadarin melatonin mai kawo barci, da lokacin da kotisol zai hau domin a wartsake. Masana kimiyya uku, Hall da Rosbash da Young, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2017 ne saboda gano yadda irin wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta. Abin lura shi ne agogon ba ya cika awa 24 cif. Binciken Charles Czeisler na Jami'ar Harvard a 1999 ya nuna matsakaicinsa awa 24 ne da kusan minti 11. Rarar ba ta da yawa, amma in ba a gyara ta kullum ba, mutum zai riƙa zamewa, yau ya kwanta sha ɗaya, bayan 'yan makonni ya tsinci kansa a ɗaya na dare. Hasken safe shi ne mai gyaran. Akwai wasu ƙwayoyi a bayan ido waɗanda babban aikinsu shi ne auna yawan haske su kai wa agogon labari, kuma sun fi jin haske mai ratsin shuɗi irin na sararin sama.

Matsalar ita ce ido yana yaudarar mai shi. Ɗaki mai fitilu a kunne sai ka ga kamar ya haskaka sosai, alhali da ma'aunin haske da ake kira laks, galibi bai wuce 100 zuwa 500 ba. Waje kuwa, ko da gajimare ya rufe sama ruf, ana samun 1,000 zuwa sama. In rana ta buɗe, ya kan kai dubun-dubata, har 100,000 da tsakar rana. Wato mutumin ƙasar zafi da ya fito ƙofar gida da ƙarfe bakwai ya samu, cikin 'yan mintoci, abin da ma'aikacin ofis a Ingila ko Suwidin ba zai samu ba duk yininsa a lokacin hunturu, domin shi cikin duhu ya fita, ya shiga jirgin ƙasa, ya wuni ƙarƙashin fitila, ya dawo cikin duhu.

Sai dai wannan gata na ƙasashen zafi yana zubewa, kuma wannan ne ya fi damuna. Wanda ya tashi a ɗaki mai labule a sake, ya shiga mota mai baƙin gilashi, ya wuni a ofis, sannan ya raba dare fuskarsa a kan waya, ya mai da kansa mazaunin ƙasar hunturu ko da rana na dukan rufin gidansa. A 2013, Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ya kai wasu mutane zaman daji na mako guda, babu lantarki babu waya, sai rana da wutar itace. Agogon jikinsu ya matso gaba da kusan awa biyu, har waɗanda ake ganin 'yan dare ne ta halitta. Abin da mutane da yawa ke kira halinsu, hasken da suke zaune a ciki ne ya ƙera shi.

To yaya ake yi? A fara da lokacin tashi, domin shi ne a hannun mutum. Barci ba ya zuwa don an umarce shi, amma tashi ana iya yanke shi. A zaɓi lokaci ɗaya da zai yiwu kwana bakwai a mako, kada bambancin ranar aiki da ranar hutu ya wuce awa ɗaya. Daga nan a ƙirga baya aƙalla awa bakwai, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake ba babban mutum shawara, a ƙara minti 20 zuwa 30 na kwanciya kafin barci ya ɗauka. Mai tashi shida ke nan sai ya kasance a gado goma da rabi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ramuwar ƙarshen mako: a tashi shida ranakun aiki, Asabar da Lahadi a kai goma. Jiki yana ɗaukar wannan kamar an yi tafiya zuwa ƙasar da agogonta ya bambanta da awa huɗu, sannan daren Lahadi barci ya ƙi zuwa, Litinin a tashi a galabaice. Wani babban bincike kan mutane sama da 60,000 a Birtaniya ya gano cewa daidaiton lokacin barci ya fi yawan awanninsa nuna wanda ke cikin haɗarin mutuwa da wuri. In an yi daren da bai yi kyau ba, gara a tashi a kan lokaci, a ɗan runtsa minti 20 bayan tsakar rana.

Sannan haske, cikin awa ta farko bayan tashi. In sama a buɗe take, minti 10 zuwa 15 a waje ya wadatar. In da gajimare, a kai 20 zuwa 30. Ba a kallon ƙwayar rana, wannan lalata ido ne, kasancewa a fili kawai ake buƙata. A cire baƙin tabarau na ɗan lokacin, amma gilashin magani ba ya hana komai. Zama a bakin taga ya fi babu, sai dai hasken yana raguwa matuƙa da zarar an ja baya taku biyu ko uku cikin ɗaki.

Mazaunin ƙasar da rana ke makara yana da hanya biyu. Ya kunna duk fitilun gida da zarar ya tashi, sannan ya fita da zarar gari ya waye, ko da a hutun aiki ne. Ko kuma ya nemi fitilar nan ta musamman mai laks 10,000, irin wadda ake amfani da ita wajen maganin baƙin cikin hunturu, ciwon da Norman Rosenthal ya bayyana a 1984. Ana ajiye ta gefe, a tazarar da kamfanin ya rubuta, galibi kamar tsawon kamu ɗaya, a zauna minti 20 zuwa 30 ido a buɗe ana karatu ko karin kumallo. In aka matsar da ita nesa, ƙarfin ya faɗi, an yi aikin banza. In aka kunna ta da yamma, sai ta tura barci baya. Mai ciwon ido, da mai shan maganin da ke sa jiki saurin jin haske, da mai lalurar ƙwaƙwalwa irin wadda hali ke hawa da sauka, su tambayi likita tukuna. A bazara kuwa abin juyawa yake yi: hasken ƙarfe huɗu da rabi yana katse barci, sai an sa labule mai kauri ko abin rufe ido. Ba a nan kaɗai rashin rana ke taɓa mu ba. Hukumar lafiya a Birtaniya tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata kuma duk shekara, domin fatarmu ta fi buƙatar rana kafin ta haɗa shi.

Akwai wani tarko da masu wa'azin tashi ƙarfe huɗu ko biyar ba sa faɗa. Zafin jiki yana kaiwa ƙasa ne kimanin awa biyu kafin lokacin da mutum ya saba tashi. Hasken da ya shiga ido bayan wannan gaɓa yana jawo agogo gaba, wanda ya shiga kafinta kuwa baya yake tura shi. Mai tashi takwas da ya daka tsalle ya koma huɗu rana ɗaya, ya kunna fitilu, zai iya ƙara dagula wa kansa lissafi. A riƙa matsowa da minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu ko uku. Kuma sammako ba shi da wata fa'ida ga lafiya in daga barci aka yanko shi.

Nauyin jiki na minti 15 zuwa 30 bayan farkawa abu ne da kowa ke ji, ba alamar barci bai isa ba ce. Danna ƙararrawa a koma sau uku ko huɗu gutsuttsura barcin ƙarshe kawai yake yi. A ajiye wayar inda sai an taka za a kashe ta, a sha ruwa kofi ɗaya ko biyu, a motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri ta minti 25 a waje kowace safiya ta kai 175, kuma ta haɗa da hasken. Ba don motsin safe ya fi na yamma ba, sai don da safe ne uzuri bai riga ya taru ba.

Kofi da shayi ba laifi ba ne, lokacinsu ne abin dubawa. Sinadarin kafeyin yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, a wasu ma ya fi haka, musamman masu juna biyu. Kofin da aka sha huɗu na yamma, rabinsa yana nan da tara na dare. Wani gwaji a 2013 ya nuna miligiram 400 awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. A tsaya awa takwas kafin lokacin kwanciya, kada a wuce miligiram 400 a yini, mai ciki kuma 200. Kofin kofi ɗaya yana ɗauke da kamar 80 zuwa 100, na shayi kusan rabin haka. Maganar jinkirta kofi minti 90 bayan tashi, da wanka da ruwan ƙanƙara, da ruwan lemun tsami mai wanke ciki, surutunsu ya fi hujjarsu yawa. Mai so ya yi, amma kada ya sa su a gaban haske da lokaci.

In an riƙe wannan tsari mako uku ko huɗu, ana samun awa bakwai zuwa takwas, amma har yanzu ana tashi da ciwon kai da bushewar baki, ana gyangyaɗi da rana, kuma abokin kwana yana cewa ana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, to a je asibiti a nemi gwajin barci. Toshewar numfashi cikin barci tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, tana da magani, kuma babu tsarin safiyar da zai gyara ta. Haka ma gajiyar da ta ƙi tafiya, a duba ƙarancin jini, da sukari, da aikin ƙullin wuya da ake kira thyroid, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo.