Mai busa yufoniyam, kujerar band ba ta riƙe gida

Wanda ya ji Black Dyke ko Cory, shahararrun band ɗin tagulla na Birtaniya, suna busa zai rantse albashi mai tsoka mabusansu ke kwasa. A Birtaniya ba haka abin yake ba. Band ɗin kayan busa na tagulla ya taso ne a hannun ma'aikatan masaƙa da mahaƙa kwal, kuma har yau aikin sa-kai ne. Manyan ƙungiyoyi kan ba fitattun mabusansu ɗan alawus, amma ba ya ciyar da iyali. Cikin mabusa wajen 25, kujeru biyu rak ne na yufoniyam, wato babban abin busa na tagulla mai kaurin sauti. A okestira kuwa ba shi da kujerar dindindin, sai an zo kan kiɗa irin The Planets na Holst a nemo mutum, sau da yawa ma mai tirombon ne zai ɗauka.

To ina abincin yake? Badujalar soja, sai koyarwa. Steven Mead ya daɗe yana koyarwa a Royal Northern College of Music da ke Manchesta, David Childs kuma ya samu kujera a Jami'ar North Texas ta Amurka. Idan gwanayen duniya aji suke shiga, ban ga dalilin da matashi zai ɗauki koyarwa a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi ba.

Kuma koyarwar ba wasa ba ce. Ɗalibi sai ya iya karanta nota iri biyu. A band ɗin tagulla da tirebul, wato tsarin rubutun nota na sautukan sama, ake rubuta masa, idan ya ga C, sautin da ke fita B-flat ne can ƙasa. A badujalar soja galibi da bas, wato tsarin rubutun sautukan ƙasa, ake rubutawa, abin da ka gani shi za ka busa. Malamin da ya bar yaro da guda ɗaya ya rufe masa ƙofar aiki.

Sai batun saiti, wato daidaita sauti, inda malamai da yawa ke sakaci. Danna bawul (madannin sauya sauti) na 1 da na 3 tare yana ɗaga sauti sama da inda ya kamata, 1-2-3 ya fi muni, domin tsawon bututun bai kai ba. Maganin shi ne bawul na huɗu da ake dannawa da hannun hagu: 4 maimakon 1-3, 2-4 maimakon 1-2-3. Wasu notocin sama su ma suna hawa, shi ya sa masu tsada ke zuwa da marikin da ke ture bututun saiti waje. Kunne dai shi ne alƙali, ba yatsa ba.

Yaron da ke danne bakin busa a leɓe don ya kai sama, kafin a raba atisaye biyu leɓen ya mutu. A mayar da shi kan dogon sauti, kamar minti 10 kullum, da sauya nota da leɓe ba tare da taɓa bawul ba, sannan a buɗe masa littafin Arban, sanannen littafin atisayen busa.

A nan gida, masu busa a badujalar 'yan sanda da Boys' Brigade suna da ƙarin abokin gaba: ƙurar hunturu. Tana haɗuwa da mai ta zama dagwalo, bawul ya riƙa maƙalewa. A zare shi, a goge da tsumma mara gashi, a ɗiga man bawul kaɗan. Ban da man keken ɗinki, ban da ruwan zafi wajen wanki, yana ɗaye fentin.