Auta ma ya cancanci a zana shi

A nan Kanada da wuya ka shiga ɗakin karatu na unguwa ka rasa The Paper Bag Princess a sashen yara. Robert Munsch ya rubuta, Michael Martchenko ya yi zanen, an buga a Toronto a 1980, kuma har yau yara suna ƙyalƙyala dariya idan an karanta musu.

Dodo mai aman wuta ne ya rushe fadar gimbiya Elizabeth, ya ƙone tufafinta kaf, ya sace yariman da za ta aura. Ta saka jakar takarda a jiki ta bi sawunsa. Da ta same shi ba ta zare takobi ba, sai ta shiga fasa masa kai: wai da gaske ne kana iya ƙone dazuzzuka goma da wutar bakinka? Ya yi ta hura wuta har ta ƙare masa. Ta ce ashe kuma kana zagaye duniya cikin daƙiƙa goma? Ya zagaya, ta ce ya ƙara, ya dawo ya zube yana minshari. Yariman kuwa, maimakon godiya, sai ya hau yi mata faɗa wai tana warin toka. Ta fasa auren.

Duk lokacin da na karanta wa 'yata wannan, Auta nake tunawa. Yadda kakarmu take bayarwa, Dodo yakan zo gari cikin dare yana waƙar wane ne ya isa ya ja da shi, kowa ya ƙulle ƙofa ya yi tsit. Auta kaɗai ya amsa masa waƙar, ya gasa duwatsu har suka yi jawur, ya riƙa jefa masa a baki. A ganina namu ya fi armashi, domin akwai waƙa, akwai amshi, ga muryar tsohuwa tana kumbura idan ta zo wajen Dodo. Takarda ba ta iya wannan.

Amma akwai abin da zane yake yi wanda baki ba ya yi. Dodonsu yaro yana ganinsa kwance, ya gaji tilis, sai tsoron ya koma dariya. Yarinyar da ba ta san ko harafi ɗaya ba takan ɗauki littafin ita kaɗai ta ba kanta labarin. Mu kuwa da Dodo muke razana yaro ya yi barci, ba mu taɓa nuna masa fuskarsa ya raina shi ba.

Tatsuniyoyin ba su ɓata ba, tun 1911 wani Bature mai suna Frank Edgar ya fara buga tarinsu, amma rubutu ne cunkus na manya. Abin da yake ci mini rai shi ne yaranmu na nan ba su da kaka a kusa, kuma Kano da Zariya cike suke da masu iya zane. Ina son littafi mai shafi talatin, Hausa zalla, da Auta tsugune gaban murhu yana jiran Dodo ya buɗe baki.